Gidan Kwantena a Damargu: Me Tarihin Gine-ginenmu Ke Faɗa Mana?

 

Kwanakin nan wasu hotuna na ta yawo a WhatsApp da Facebook: gida tsaf-tsaf, da taga ta gilashi, da fenti mai sheƙi, wani ma hawa biyu, kuma duka da kwantena aka yi shi, wato akwatin ƙarfen nan da ake zubo kaya ciki a jirgin ruwa. Ƙarƙashin hotunan a kan rubuta abu uku: yana da araha, yana da sauri, kuma yana kare muhalli tun da tsohon ƙarfe ne aka sake amfani da shi. To matashin da ya yi shekara uku ko huɗu yana tara kuɗin guminsa a ƙasar wasu, in ya ga wannan dole ya yi tunani. Ya sayi kwantena ya dasa a fegin da ya samu, ko ya kira magini? Tambayar ba ta wasa ba ce, don kuɗin gida sau ɗaya mafi yawanmu ke tara shi a rayuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya, mu ga inda wannan akwati ya fito, mu ga kuma yadda Damargu ta saba gina ɗakunanta, sannan mu auna.

AKWATIN DA YA CANZA KASUWANCIN DUNIYA

Kwantena ba ta tsufa ba kamar yadda wasu ke zato. Wani Ba'amurke mai manyan motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ne ya gaji da ganin motocinsa na wuni a bakin teku ana sauke buhu ɗaya-ɗaya ana lodawa cikin jirgi. Sai ya ce me zai hana a ɗauki akwatin motar gaba ɗaya a ɗora? Ranar 26 ga Afrilu 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwati 58. Lodin tan ɗaya da hannu a lokacin yana cin kusan dalar Amurka 6, amma da akwatin ya faɗo zuwa senti 16. Kun ga dalilin da ya sa duniya ta rungume shi.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an daidaita girmansa a duk duniya, don ya hau kowane jirgi da kowace tirela. Iri biyu muka fi gani a hanyoyinmu: ƙarama mai ƙafa 20, tsawonta mita 6 da ɗan kai, da babba mai ƙafa 40, tsawonta mita 12 da ɗan kai. Faɗinsu ɗaya, mita 2.44 daga waje, tsayi kuma mita 2.59. Ƙaramar, ba komai cikinta, ta haura tan 2, babbar kuma ta kusa tan 4. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na sababbin kwantenonin duniya a Sin ake ƙera su.

Mu riƙe abu ɗaya tun nan: wanda ya ƙirƙiro akwatin nan kaya yake tunani. An yi shi don ya jure gishirin teku, ya hana ruwa shiga, ya ɗauki nauyin ƴan uwansa da aka jera a kansa. Numfashin mutum da barcinsa ba su cikin lissafin.

YADDA AKWATI YA ZAMA ƊAKI

To yaya aka yi ya koma gida? Amsar tana cikin yadda kaya ke tafiya. Ƙasashen Turai da Amurka suna sayo kaya daga Asiya fiye da yadda suke aika mata, sai akwatunan da babu komai ciki suka riƙa taruwa a tashoshin jiragen ruwansu. Mayar da su fanko kuɗi ne, narkar da su kuma wuta ce mai yawa. Daga nan tunanin ya zo: tun da ga su jibge a bakin ƙofa, a yanka musu taga a zauna.

A 1987 wani Ba'amurke, Phillip Clark, ya nemi rajistar dabarar mayar da kwantena wurin zama. A 2001 aka buɗe rukunin da ake kira Container City a bakin kogin Landan. A Amsterdam ta ƙasar Holan, wajen 2005 zuwa 2006, aka yi Keetwonen, ɗaki 1,000 na ɗalibai. Faransa ma ta yi nata a Le Havre a 2010, ɗakuna kusan 100 na ƴan jami'a. Masu kallon ƙwallo kuma ba su manta filin wasa na 974 a Katar ba, wanda aka haɗa da kwantena 974 don gasar cin kofin duniya ta 2022. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya ta Fabrairun 2023, dubban iyalai cikin irin waɗannan ɗakuna aka tsugunar da su.

Ku duba waɗannan wurare da kyau. Landan, Amsterdam, Le Havre, duka garuruwan tashar jirgin ruwa ne, kwantena na kusa da hannu. Garuruwa ne masu sanyi da hadari, inda fili ke da tsada, ladan magini ya fi tsada, kuma wutar lantarki ba ta yankewa. Ko a can ɗin ma sai an lulluɓe cikin akwatin da abin tare zafi da sanyi kafin mutum ya kwana. Wannan shi ne asalin sunan da ta yi na mai kare muhalli: abin da ya yi yawa a wurinsu ne suka sake mora. Yanzu mu dawo gida mu ga mu me ya yi yawa a wurinmu.

DAMARGU DA ƊAKUNANTA NA DAURI

Ƙasarmu tun asali zango ce kuma rumbu ce. Ayarin da ya fito daga Abzin zuwa Damagaram, Katsina da Kano nan yake ratsawa, hatsin da Abzin ke ci kuma da yawansa daga gonakin Damargu yake fita. Dagirawa, Hausawa, Abzinawa, Fulani da Larabawa ƴan kasuwa, kowa ya zo da irin ɗakinsa.

A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku, Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg, suka iso Damargu tare da ayarin gishiri na Kel Owey, suka sauka a Tagelel, kuma a nan suka rabu, Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya yi Tasawa har Kano. Abin da Barth ya rubuta game da ƙauyukan da ya gani shi ne bukkoki na karan hatsi da rumbuna birjik tsakanin gonaki. Ke nan shekara 170 da ɗoriya da suka wuce, manomin Damargu da abin da gonarsa ta bar masa bayan girbi yake yin ɗaki. Kara, zana, jinka, ƴan sanduna. In iska ta ci shi a sabunta, in ƙasa ta gaji a tashi a matsa gaba, ɗakin kuma ya koma taki. Wace sake amfani da kaya ce ta wuce wannan?

Makiyayi shi ma yana da nasa. Tantin Abzinawa na tabarmar kaba ko na fata, wanda a al'ada mallakar mace ne, ana kwance shi a ɗora kan jaki ko raƙumi cikin ɗan lokaci. Fulanin jeji da ke kai da kawowa a arewacin Tanut da Tarka nasu ma ya fi haka sauƙi. Masu tallar kwantena na cewa gida ne da ake iya ɗauka a tafi da shi. To mu a nan gidan da ake ɗauka ba baƙo ba ne, bambancin kawai namu ba ya bukatar ƙugiyar ɗaga kaya da tirela.

Sai soro. Inda kasuwa ta zauna, inda fatake ke ajiye haja, kamar Jajiduna a zamaninta, dole a nemi bango mai kauri da wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya ketawa. Babban misali kuwa shi ne Birnin Damagaram, inda Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye gari da ganuwa, magina suka nuna gwanintarsu a fada da gidajen attajirai. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a dunƙula tubali, a ɗora bango, a yi bakan gizo, a jera azara, a daɓe rufi, a sa indararo, a ƙawata da zankwaye. A arewa kuma ga hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, ita ma laka ce, tsohon garin kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Damargu na tsakiyar waɗannan makarantu biyu na gini.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus, fataucin da ke ratsa hamada zuwa tekun arewa ya durƙushe. Bariki ya bar Jajiduna ya koma Tanut. Tun daga lokacin kayan waje suka daina zuwa mana ta arewa bisa raƙumi, suka koma shigowa ta kudu, da jirgin ƙasa sannan da mota. Ta wannan hanyar kwano ya zo, siminti ya zo, kuma ta nan kwantena ta biyo su.

FARI, ICCE DA KWANO

Raunin soronmu na gargajiya ɗaya ne babba: rufinsa icce yake ci. Azara mai kyau ta giginya ce, mai jure gara, giginya kuwa ba ta yawa a Damargu, daga nesa ake kawo ta, har daga yankin Gaya. Wanda bai da ƙarfin azara sai ya sari goriba, ko aduwa, ko kandili, ko duk abin da ya samu. Ɗaki ɗaya na bukatar manyan sanduna da ɗaruruwan ƙanana, kuma in gara ta shiga, bayan ƴan shekaru a sake saran wasu.

Muddin mutane kaɗan ne kuma ruwan sama na zuwa, daji na iya ɗaukar wannan. Amma farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kashe itatuwa ba iyaka, dattawanmu shaidu ne. Ƙasar da a shekara mai kyau ma ruwanta bai cika wuce milimita 300 ba, icce ba ya saurin dawowa cikinta. Jama'a kuma ta ƙaru. Sai icen gini ya yi tsada, wanda ake samu kuma ya zama rarrauna.

Nan kwano ya samu shiga. Tol, kamar yadda muke ce masa, ya zo da alkawarin da kwantena ke yi yau: sauri, tsabta, ba yaɓe duk shekara, kuma alamar an samu. Mun karɓe shi hannu bibbiyu. Me muka gani? A watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana, tsoho da jariri sai a fitar da su rumfa. Lokacin hunturu sanyi ya ratso shi. In guguwar farkon damina ta taso, sai a wayi gari ana neman rufin wani a gidan maƙwabci. Ba muna zagin kwano ba ne, ya rufa wa mutane da yawa asiri. Muna dai tunawa ne cewa mun taɓa gwada kwana ƙarƙashin ƙarfe, mun san ɗanɗanonsa.

GINI BA ICCE: GYARAN DA AKA FARA A NIJAR

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, amsar wannan matsala a ƙasarmu aka fara gwada ta a yankin Sahel. A 1980, a ƙauyen Shikal da ke yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta koya wa magina rufe ɗaki da bulon laka zalla, ba azara, ba kwano, ba siminti. Dabarar ta samo asali ne daga Nuba, a kudancin Masar, inda aka yi dubban shekaru ana rufi da ita, kuma masanin gini Hassan Fathy ya farfaɗo da ita a shekarun 1940. Ana jingina layin bulo a karkace jikin bangon ƙarshe, layi bisa layi, har rufin ya haɗe kamar baka, ba tare da an tokare shi da katako ba. Ko kuma a yi shi ƙubba.

Daga Shikal aikin ya kai Iferwan a cikin Abzin a shekarun 1980, daga 1993 kuma ya zama babban shiri tare da ƙungiyar UICN, aka horar da ɗaruruwan magina a Nijar da Mali. Masu karatun boko sun san shi da harufan CSB. A Burkina Faso, a garin Boromo, wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi, Séri Youlou, sun kafa ƙungiyar rufin Nuba a 2000, ta bazu zuwa Mali, Senegal, Gana da Benin.

Kada kuma a ce laka ta talaka ce kaɗai. Masallacin Yama a jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gini ta Aga Khan a 1986. A zamaninmu ga ƴar ƙasa Mariam Issoufou, wadda da abokan aikinta suka yi rukunin gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa da aka matse da inji, sannan masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da aka kammala a 2018. Duniya na zuwa kallon abin da aka yi da ƙasar Nijar, mu kuma muna kallon akwatin ƙarfe a waya.

Gefe ɗaya kuma icen kansa an yi masa aiki. Sassaben zamani da ya faro a Maradi a farkon shekarun 1980 ya mayar da gawo da sauran itatuwa a miliyoyin eka na jahohin Maradi da Damagaram. Nan kusa da Tanut, a Dalli, ƙungiyar Eden ta kafa gonar gwaji a ƙarshen shekarun 1980 tana raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci. Duk icen da rufin ɗaki bai ci ba, ya rage wa gona da dabba.

MU ƊORA KWANTENA A SIKELI

Kwantena ta daɗe da shigowa garuruwanmu, amma a matsayin shago, ma'ajiya, ofishin masu aikin hanya, wurin masu gadi. Manyan ayyuka sun ƙara mata yawa, musamman tun da aka shiga harkar man fetur, aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamban 2011 cikin ƙasar Olelewa, mai tace ganga 20,000 a rana. Yanzu ne ake maganar a kwana cikinta da iyali. To mu auna ta da abu huɗu.

Na farko, zafi. Ƙarfe na wuce da zafi fiye da laka sau hamsin ko fiye, ga shi bangon kwantena bai fi kaurin milimita 2 ba. Bangon laka mai santimita 40 yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, lokacin da mutane ke waje suna shan iska. Ƙarfe ba ya jira. A bazararmu inuwa kanta na wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana kuwa yana iya haura 60. Masu shagon kwantena ku tambaye su me ya sa suke kafa rumfar zana a kanta, su zauna a waje. In za a kwana ciki sai an sa abin tare zafi a bango da rufi, sannan na'urar sanyaya ɗaki. Wannan na'ura kuran take sha, a inda kuran ɗin ke zuwa yana ɗaukewa, ko babu shi sam. Gidan da ba ya zaunuwa sai da inji, ina kare muhallin yake?

Na biyu, faɗi. Cikin kwantena mita 2.35 ne. In an sa abin tare zafi ya ragu zuwa mita 2 da ɗan kaɗan. Sa gado ka ga abin da ya rage. Ƙaramar gaba ɗaya murabba'in mita 14 ce, ba ta kai ɗakin laka mai mita 4 kowane gefe ba. Rufin Nuba kuwa yana ba da faɗin fiye da mita 3, tsawo kuma yadda kake so. Kuma gidan Bahaushe ba ɗaki ɗaya ba ne: akwai zaure, tsakar gida, ɗakin uwargida, madafa, makewayi, garke. Ko ka sayi kwantena, katanga da sauran duka suna jiranka. In ka ce za ka haɗa biyu ka yanke bangon tsakiya, ka sani bangon nan mai tudu da kwari yana cikin abin da ke riƙe da akwatin, duk inda aka yanka sai mai walda ya tokare da sabon ƙarfe.

Na uku, nisa. A Le Havre kwantena na bakin ƙofa. Mu daga Kwatano zuwa Tanut ya haura kilomita 1,500, daga Damagaram kaɗai kusan 140 ne. Da aka rufe iyakar Benin bayan 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina suka riƙa zagayowa, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Sannan mafi yawan kwantenonin da ke shigowa na kamfanonin jiragen ruwa ne, dole a mayar musu, in an yi jinkiri a biya tara. Wadda ake sayarwa a kasuwa haja ce da ƴan kasuwa ke rububi don shago. Ke nan a wurinmu kwantena ba shara ba ce da muke ceto daga juji. Ga kuɗin tirela, ga na abin da zai sauke ta, ga rairayin da ke tsakanin kwalta da ƙauyenka. Kuɗin nan kusan duka waje yake fita. Na ɗakin laka kuwa yana faɗawa hannun mai buga bulo, mai amalanke, mai jan ruwa, magini da yaransa, kuma a kasuwar garin za su kashe shi.

Na huɗu, lafiya. Daɓen kwantena katako ne da aka jiƙa da maganin ƙwari mai ƙarfi don kada ya ɗauki ƙwari daga wata ƙasa zuwa wata. Fentin wasu tsofaffi na da sinadarai masu cutarwa. Kuma ba ka san me ta ɗauka ba a shekarunta na teku, shinkafa ko guba. Yaranmu a ƙasa suke rarrafe, a kan tabarma muke cin tuwo. Duk wanda zai zauna cikinta, ya cire daɓen ko ya rufe shi ruf, ya kankare fenti ya sake.

ITA MA LAKA TANA DA NATA

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye raunin laka ba. Damina ta 2024 ta nuna mana. Ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, gidajen laka ba adadi suka zube. A farkon Satumban shekarar tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Laka na son kulawa: yaɓe kafin damina, indararo da ba ya toshewa, gindin bango da ruwa ba ya kwanciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufin Nuba ma in magini bai ƙware ba, ko aka bar ruwa ya zauna a kansa, hatsari ne. Sannan kwaɓa ƙasa na cin ruwa, a Damargu kuwa rijiya na da zurfi, shi ya sa masu hankali ke buga bulo da kaka, tun tabki bai ƙafe ba.

Ita kuma kwantena akwai inda ta yi zarra. Gara ba ta cin ta, ɓera ba ya huda ta, ɓarawo na shan wahala kafin ya fasa, tsatsa ba ta saurin kama ta a busasshiyar iskarmu. Wuta ba ta lashe ta kamar zana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna gobarar azuzuwan zana ta Afrilun 2021 a Yamai, inda yara 20 suka rasu, da ta Maradi a Nuwamban shekarar, inda fiye da 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Sai dai aji na bukatar faɗi da iska, yara 50 ba su shiga akwati mai faɗin mita 2, don haka maganin ajin zana shi ne ginin ƙasa mai kyau. Amma ma'ajiyar kayan aiki, shagon kasuwa, ɗakin batir da injin famfon hasken rana, ofishin wucin gadi, masaukin gaggawa bayan ambaliya, a nan kwantena ta dace, in an yi mata inuwa.

TO ME MUKA ƊAUKA?

Tarihin nan abu ɗaya yake maimaitawa. Bukkar kara, tantin kaba, soron tubali, kowanne ya daɗe ne don an yi shi da abin da ke kusa, kuma ya san rana da iskar wurin. Turawan da suka mayar da kwantena gida su ma ƙa'idar da suka bi ke nan, abin da ke jibge a gabansu suka ɗauka. In muka kwaikwayi akwatin muka bar ƙa'idar, zanen aro muka ɗaura, shi kuwa ba ya rufe katara.

Ga wanda ya riga ya mallaki kwantena kuma yake son zama cikinta, ga abin da ya kamata. Ya ɗora ta bisa dutse ko bulon siminti, kada ta zauna a ƙasa. Ya shimfiɗa tsawonta daga gabas zuwa yamma, don ranar safe da ta la'asar su bugi gajeren gefe. Ya yi mata rufi na biyu da tazara a tsakani yadda iska za ta ratsa, ya zarce bango ya ba da inuwa. Ya shafa mata farin fenti. Ya buɗe tagogi masu fuskantar juna. Ya kewaye gefen yamma da bangon laka, ya dasa dogon yaro ko aduwa. In ya gama ya yi lissafi, zai ga rabin aikin magini ne ya yi shi.

Ga wanda kuma bai saya ba tukuna, kafin ya aika kuɗi saboda hoto, ya je ya shiga shagon kwantena da azahar a watan Mayu ya yi minti goma, sannan ya shiga soro mai kaurin bango. Gani ya kori ji. Daga nan ya nemi farashin duka biyun har zuwa ranar tarewa, da sufuri, da walda, da kuran na shekara.

Kiranmu ga magadan gari da majalisun Tanut da Belbeji, da cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin matasa: a nemo maginan da suka iya gini ba icce tun suna da ƙarfi, a haɗa su da yara masu son sana'a. In za a gina aji, ko ɗakin shan magani, ko bankin hatsi, a gwada ɗaya da ƙasa mai tushen dutse ko siminti, jama'a su shiga su ji da jikinsu. A kuma hana raba fegi a kan hanyar ruwa, don ba laka ba, ko ƙarfe aka dasa a kwari ruwa zai same shi.

Dattawa da magina da ke karanta mu, ko ake karanta musu, ku ne kuka san wace ƙasa ke yin bulo a Gangara, wace ce ke tsagewa a Tarka, wane wata ake yaɓe. Ku faɗa wa yara tun kuna nan. Allah Ya ba kowa muhalli mai albarka, Ya ba mu damina mai sauƙi, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.